Wanda Ya Huda Ruhewar Yayansa

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata da hantsi Kaka Ƙarami ya riga mu tafiya. Ƙanen kakana ne, mahaifin uwata, kuma a gidansa na Tasawa na yi duk shekarun da nake lakwal, wato makarantar boko.

Kwana uku ana zaman makoki a ƙofar shagonsa. Ina ciki tare da mata, amma zana ce kawai tsakaninmu da maza, duk abin da suka faɗa yana shigowa. Wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya ce: "Ko rediyo ta shekara a mace, in ka kai mishi sai ta yi magana." Wani ma'aikacin gidan waya ya ce bai taɓa ganin mutum mai tsabtar aiki irinsa ba. Mai furar da ke kai masa kullum ta shigo wurinmu tana kuka, tana cewa shekara da shekaru bai taɓa maido mata ƙwarya ba tare da ya wanke ta ba. A rana ta biyu mutanen ƙauyenmu suka iso daga wajen Attantane. Bayan an shafa fatiha, wani dattijo cikinsu ya rage murya ya ce: "Allah shi jiƙan shi. Ai shi ne ya huda ruhewar yayanshi." Can wani ya ce: "To, Allah shi gafarta mishi," da irin muryar da ake roƙa wa mai babban laifi.

Tun daga lokacin na kasa cin abinci. Ina tsoron kada wannan magana ta zama ita kaɗai za ta rage daga gare shi a ƙauyenmu. Gaskiya ce, ya huda rumbun. Amma ina wurin, ni na riƙe masa littafin, kuma ina so a san yadda aka yi.

Tsohon soja ne. A sojan Faransa shi ke goyon akwatin waya a bayansa, daga nan ya koyi abin da ke cikin akwatin. Ya dawo da ɗingishi kaɗan da kunne mai kaifi. Komai sai ya ƙwanƙwasa ya saurara: kankana, ƙyaure, tukunya, har kan jikoki. In ya ƙwanƙwasa nawa sai ya ce: "Har yanzu da sauran wuri, a koma lakwal." A kaskon gawayi yake gasa ƙarfen da yake narka dalma da shi, yana aiki yana yi wa rediyo faɗa kamar ɗiyar da ta ƙi aike. Akwai wani makaho da ya taɓa kawo masa rediyon da ba ta gyaruwa. Kaka Ƙarami ya kwashe kayan cikin tasa rediyon ya zuba cikin akwatin makahon, don mutumin da hannu ya san abarsa, in an canza masa zai gane. Wata biyu gidanmu ba labaru.

Ba ya karanta Faransanci. Zanen wayoyi kuwa yana bin sa da yatsa kamar mai bin lungunan garinsu. In ya zo kan rubutu sai ya ƙwala mini kira.

"Uwargida! Zo ki karanta ma mijinki, tun da tuwo kam ba ki iya ba."

"Mijin da ba haƙori, mi zai yi da tuwo?"

"Ji ta. Sai na yi miki kishin karatu, na shiga lakwal na ɗara ki."

Yayansa, Kaka Babba, wato kakan nawa, shi ne makaɗin noma na ƙauyenmu. In ya rataya gangarsa ya buga ta a bakin gona, ƙauyuka uku suna ji, kuma ba a kunne kaɗai ake jin ta ba, har cikin ƙirji da tafin ƙafa. Kowane manomi da takensa. Wata damina wani baƙo ya zo da manyeto, na'urar nan mai naɗe sauti a zare, ya ɗauki kiɗansa a wurin gayya. Na'urar ta lalace masa a hanya, ya kawo ta Tasawa gyara, da zai tafi ya bar wa Kaka Ƙarami zaren. Bayan kaka biyu ɓarin jikin Kaka Babba na dama ya shanye. Gangar tana rataye a ɗakinsa, ba mai taɓa ta.

Kaka Ƙarami ya samo wata tsohuwar manyeto ya tashe ta, muka hau kamyo ranar kasuwa muka tafi ƙauye da murna, wai mu faranta wa mara lafiya rai. Aka jingina Kaka Babba da matashi, aka kunna. Muryar maroƙa ta fito, guɗar mata ta fito, ƙarar haumoyin manoma ta fito. Gangar kuwa sai wani kas-kas-kas, kamar yara na buga gwangwani.

Kaka Babba ya daɗe yana kallon na'urar. Bakinsa ya karkace, amma maganarsa ta fita sarai.

"Wane ne wannan?"

"Kai ne, Yaya."

"Ƙarya kake. Kashe shi." Aka kashe. Sai na ga hawaye yana bin ɓarin fuskarsa mai rai. "In na mutu, wannan za ku sa ma jikoki ku ce haka nake yi? Gara da ba a ɗauka ba."

A hanyar dawowa, da muka hango fitilun Tasawa, Kaka Ƙarami ya juyo gare ni. Ya ce: "Gangar tana cikin zaren nan. Na aza yatsa kan lasifikar na ji tana son fita, ƙofar ce ta yi mata ƙanƙanta. Sai na gina mata ampili, akwatin ƙara murya, nata ita kaɗai, wanda ba ruwanshi da siririyar murya, sai ta ƙasa. Kuma sai ya ji ta kafin ya tahi."

Wani mushe, malamin lakwal ɗinmu, ya ara mana littafin haɗa na'urori. Kowace Alhamis, da yake ba lakwal, ina zaune kan buhu a shago ina karantawa ina mayar masa da Hausa. Zane biyu muka samu. Na farko mai fitilu ne, kwalaben nan da ke yin ja a cikin tsofaffin rediyo. Su ya sani, su yake ƙauna, yana da su cike da kwali. Amma suna son wuta mai ƙarfi, ƙauyenmu kuwa ko ashana sai ranar kasuwa. Na biyu mai taransisto ne, ƴan ƙarafa kamar maɓallin riga, batirin kamyo ya ishe su.

"Fitila mutuniyar kirki ce," in ji shi, "in za ta mutu sai ta yi ta ciwo tana gaya maka. Waɗannan kuwa ba sallama. Kana magana da su sai ka ji ƙauri." Ya juya kwalin fitilunsa ya tura ƙarƙashin tebur. "Amma Yaya ba ya iya zuwa wurin wuta. Karanta na biyun."

Na biyun yana son taransisto biyu masu ƙarfi ɗaya, wannan ya tura wancan ya ja. Na yi ta fama da bayanin, sai ya tsayar da ni: "Mata biyu a turmi guda. In ɗaya ta ɗara ɗaya hannu, tsaba ta watse. Wuce gaba." Daga rediyon motocin da suka mutu ake samun irin su. Ya bi gareji gareji har Maradi, ya dawo da shida a ƙulle cikin hularsa.

Lasifikar ta wata motar silima ce da ke yawo ƙauyuka, faɗinta ya kai faifai, takardarta a yage. Ya liƙe ta da ƙaro da siririn ƙyalle, kwana uku yana hura mata iska da baki. Taransifo kuwa, dunƙulen ƙarfen nan da ake naɗe wa waya, ya ce ƙarami ba ya ɗaukar murya mai nauyi, kamar yadda jaki ba ya ɗaukar kayan raƙumi. Ya warware wani babba ya sake naɗa shi da hannu, ni ina ƙirga zagaye. Na ɓata ƙirga sau biyu don ina kallon hasken da ke gudu a jikin jar wayar. Sau biyun ya warware daga farko, bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Ya kuma haɗa wata ƴar da'ira da ya kira rariya, mai tare guɗa da muryar maroƙa ta bar ta ƙasa kaɗai ta wuce.

Ranar gwajin farko taransisto biyu suka ƙone kafin in ƙifta ido. Saura huɗu.

Duk ranar kasuwa sai saƙo ya zo daga Iya, matar Kaka Babba. Yau ya sha kunu. Yau bai sha ba. Yau ya kira sunan uwarsa. Kaka Ƙarami ya rufe shago ga masu kawo gyara. Ya rame, idanunsa suka faɗa, ya daina ce mini uwargida.

Da ampilin ya tsaya da ƙafarsa sai maganar akwatin lasifika ta taso, nan ne muka yi kuskuren da ya cinye mana mako biyu. Mu jinin makaɗa ne. A wurinmu abin da zai fitar da muryar ganga dole ya yi kama da ganga. Bai ko jira na karanta ba, ya samo wani tsohon icen ganga wanda fatarsa ta mutu, ya ɗaura lasifikar a bakinsa, ya ja sabuwar fata a ɗaya bakin. Ni ma na ga kyansa har na yi guɗa. Da aka kunna, sai icen ya shiga yin tasa waƙar. Duk bugun Kaka Babba, mai nauyi da mara nauyi, ya koma buu-buu-buu, murya guda, kamar sa a cikin rijiya. Ya ƙara ƙarfi ko za ta washe, sai ƙauri ya tashi. Saura biyu.

Ya zauna a ƙasa, ya riƙe kai. "Karanta mini abin da na ƙi ji."

Na karanta. Littafin ya ce akwatin ya zama babba ƙwarai, mai kauri, a rufe ruf, kuma kada ya kasance yana da muryar kansa. Ya zama kurma, bebe, ya bar lasifika ta yi magana ita kaɗai. Muka gwada randa, ta yi ta amsa kuwwa. Muka gwada akwatin katako, ya yi ta rawa yana ɓaɓatu. Ɗakin ƙasa zai yi, amma ƙauyenmu rairayi ne, ɗakunanmu duk kara da zana. Laka daga nesa ake ɗauko ta, ga bazara, ruwan rijiya da ƙyar yake isar sha, balle a jira gini ya bushe. Abu ɗaya ne na laka a gidan Kaka Babba: ruhewarsa, rumbun ƙasan nan mai tumbi da ke tsaye tsakar gida.

"Amma cike take da hatsi," na ce.

Bai dube ni ba. "Ran da muka je na ƙwanƙwasa ta."

Wanda bai san ƙasarmu ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Ruhewar maigida, in an zuba damman gero bayan kaka, liƙe bakinta ake yi da laka, ba a buɗewa sai ruwa ya sauka an shiga noma. Mace ba ta leƙa ta, ɗa ba ya tambaya. Muddin tana liƙe, gidan yana da abinci a idon duniya. Shekarun nan kowa ya bi gyaɗa, kawunnaina suka shuka ta har gonar gero, ruwa kuma ya ɗauke da wuri. Kaka Babba ya sa babban ɗansa ya liƙe ruhewar ba komai ciki, sannan ya tura su duka cin rani, da fatan su dawo da hatsi a zuba a ɓoye kafin shuka.

Saƙon Iya na ƙarshe gajere ne: ku zo. Muka ɗora batir da ampili da lasifika a kamyo.

Ina yi wa Kaka Babba fifita lokacin da ƙanensa ya durƙusa ya faɗi abin da ke tafe da shi. Sun manta da ni, ko kuwa ba su da sauran ƙarfin korata.

"Yaya, gangarka tana hannuna. Wuri kaɗai nake so in aza ta. Ka ba ni cikin ruhewa."

"Da hatsi ciki."

"Yaya."

"Na ce da hatsi ciki!"

"Ni ne fa. Na ƙwanƙwasa."

Hannun Kaka Babba mai rai ya damƙi tabarma. "Kunnen nan naka, tun kana yaro ba ya barin asirin kowa. Shekara hamsin ina kiɗa ma mutane su cika rumbu. In mutu a ce makaɗin noma ya bar gidanshi wayam? Wata ɗaya ya rage yaran nan su dawo. Wata ɗaya!"

"Kai kana da wata ɗaya?"

Can Kaka Babba ya juya fuska ga zana. "Ban yarda ba. Tashi ka ba ni wuri."

A waje muka tarar da Iya tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce: "Tun ina amarya nake kallon tururuwa na hawa ruhewar nan. Bana ko guda ba ta hau ba." Ta watsar da tsakuwa. "Kullum in ya farka sai ya ce in saurara, wai ko ina jin ganga daga gabas. Ni ban ce ka yi ba. Ban kuma ce ka bari ba."

Washegari da hantsi, ido na ganin ido, Kaka Ƙarami ya aza lasifikar a tumbin ruhewar ya zagaye ta da gawayi. Ya yi bisimilla ya sa wuƙa. Ni na riƙe masa tasar da ɓaraguzan ke zuba. Da laka ta faɗa ciki, mun ji saukarta har ƙasa. Ko ƙwaya ba ta zubo ba, sai wata iska mai sanyi da warin tsohuwar ƙaiƙayi. Maƙwabciyarmu da ta shigo aron rariya ta tsaya, ta dubi ramin, ta juya ta fita ba sallama.

Ya cusa lasifikar, ya toshe gefenta da tsumma da ɗanyar laka, ya haɗa wayoyin a batir. Ya dube ni ya ce: "Biyu suka rage. Roƙi Allah." Sannan ya murɗa.

Da farko ban ji komai ba, sai na ga wake yana tsalle a faifan Iya. Sannan ta zo. Ta taso daga ƙasa ta bi ƙafafuna ta zauna mini a ƙirji, mai faɗi, mai zurfi, kamar hadari yana magana da bakin mutum. Kaji suka watse. Na ji ana kiran salati a bayan gida. Kafin a jima tsakar gidan ta cika, tsofaffi da sanduna, mata da goyo. Wani dattijo da ya ji takensa ya ɗaga hannu sama yana rawar jiki. Kuma kowa cikinsu manomi ne, kowa ya san cikakkiyar ruhewa ba ta amsawa haka. Suna sauraro suna kallon ramin, suna kallon ƙasa.

Sai ga murya daga ɗaki: "Ku fid da ni."

Aka ɗauko shi da tabarmarsa aka ajiye a inuwa. Ya dubi ruhewarsa, ya dubi taron, ya rufe ido. Yatsunsa na hagu suka fara motsi a kan cinyarsa, suna riga gangar da kaɗan, don sun san abin da ke zuwa. Haka har zaren ya kusa ƙarewa. Sai ƙauri, sai siririn hayaƙi, sai shiru.

Kaka Babba bai buɗe ido ba. "Maido ta farko."

"Ta ƙone, Yaya."

"Sau ɗaya ke nan?"

"Sau ɗaya."

"Ka huda mini ruhewa a gaban gari don sau ɗaya." Ya buɗe ido, ya bi tsofaffin da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Kun dai ji ta?"

"Mun ji ta," suka ce.

"Ita ce?"

"Ita ce, wallahi."

"To, a toshe."

Kaka Ƙarami da kansa ya kwaɓa laka ya toshe. Da la'asar ƙwaryar gero ta fara shigowa daga gidajen maƙwabta, a rufe da faifai. Iya tana karɓa tana godiya, Kaka Babba yana jin kowace sallama daga ɗaki, fuskarsa a zana. Kwana shida ya ƙara. Ƙanensa yana zaune bakin ƙofa duk kwanakin, bai kira shi ba, bai kuma kore shi ba. Da kawunnaina suka dawo da buhunansu suka tarar da kabari da tabon laka, babbansu ya rantse ba zai ƙara taka shagon Tasawa ba.

Kaka Ƙarami ya buɗe shago ya ci gaba da gyara, amma bai ƙara ƙwanƙwasa kan kowa ba. Bara, da na zo hutu daga inda nake koyarwa, na same shi yana gasa ƙarfensa, gashinsa ya yi fari fat. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi abin da na daɗe ina riƙe da shi.

"Kaka, kana ganin ya yafe maka?"

"Allah ya sani."

"Da za a mai da kai ranar nan, za ka sake?"

Ya daɗe yana juya ƙarfen cikin garwashi.

"Na yi kuskure, uwargida," ya ce. "Kullum sai na tuna. Zafi ne ya kashe taransiston nan. Da na ɗaure su a jikin ƙarfe mai kauri ya sha zafin, da Yaya ya ji ta sau biyu."

Ya Allah, Kai ka san abin da ke cikin kowace ruhewa da kowane ƙirji. Ka yafe wa Kaka Ƙarami, Ka yalwata masa kabari, Ka sada shi da yayansa cikin aminci. Amin.